Kawu da Goɗiyar da Ta Ƙi Shiga Ƙofa

Mun kai gawar Kawu Harami, babban masallacin Makka, da azahar, aka sallace shi tare da sauran mamatan ranar, muka rufe shi kafin la'asar. Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa, kuma can muka nufa dukanmu. Da magariba muka jera kujeru a layin gidansa na unguwar Shisha, aka ja fitilu, aka ɗora gahawa da dabino, yadda ake yi wa kowa.

Sai dai waɗanda suka zo ba irin mutanen da maƙwabta suka zata ba ne. Su a wurinsu Kawu tsoho ne mai sanda da yake zama a ƙofar kantin magani yana tsokanar masu wucewa. Sai ga wasu gajerun mutane sirara suna sauka daga tasi, furfura a kai, tafiya a gwame. Tsofaffin mahaya ne. Sai ga Sudaniyawa 'yan barga da ƙamshin man shafa ƙafar doki bai bar hannunsu ba. Wani Bafakiste mai yanke kofato ya rungume ni yana kuka har ya jiƙa mini kafaɗa, ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Aka turo wani dattijon Balarabe a keken guragu, ya ƙi zama a sahun baƙi, ya ce a ajiye shi a sahun masu karɓar gaisuwa. Limamin unguwa ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Wai shi marigayin me yake yi ne a da?"

Ba a daɗe da zama ba na ji wani Basudane yana raɗa wa na kusa da shi, "Da yana bakin ƙofa ranar nan, da babu mai ganin bayan goɗiyar nan."

"Da tsawon wuya ɗaya aka cinye ta."

"Wane wuya? Tsawon kai ne, ko kai ɗin bai cika ba. Ina wurin."

"Ni ma ina wurin!"

Murya ta fara tashi. Inna, matar Kawu, ta aiko daga ciki a gaya musu su ajiye dawaki har a yi kwana uku, ta sha jin su shekara da shekaru, yau ɗaya a bar ta ta ji Ƙur'ani. Suka yi tsit kamar yaran makaranta.

A daren ƙarshe na zaman makoki jikarsa ta tare ni a bakin matakala. Hausarta ba ta da yawa, da Larabci ta tambaye ni ko kakanta sananne ne. Ta ce ta nemi sunansa a waya ba ta ga komai ba. Na ce ba za ta gani ba. Wannan ne ya sa na zauna rubutu, abin da ba sana'ata ba ne.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Sana'ata saye da sayarwa. Na fara da ɗaurin ciyawa a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, ina kai wa masu raguna lokacin aikin hajji, yau kuwa rabin bargogin da ke tsakanin Makka da Ɗa'ifa ni nake kai wa sha'ir da harawa. Ban san doki ba, abin da yake ci na sani. Ba na kuma yabon kaya fiye da yadda yake, ko da kawuna ne.

A Makka aka haife shi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratso Sudan, ya sauke farali, bai koma ba. Kawu ya tashi a bargar wani attajiri, ya yi shara, ya yi wanka da goge-goge, ya riƙe ragama, har ya zama shi ke faɗin abin da doki zai ci da nisan da zai yi. Dawakinsa ba na Larabawa ba ne masu ɗaga wutsiya, waɗancan dogayen ne na tsere, jinin Ingila, masu siririn ƙafa da saurin fushi. Takardun da ake nema a ba mutum lasisin horarwa shi bai taɓa samunsu ba, don haka duk dokin da ya ci, sunan wani ake kira a lasifika. Idan kin duba tsofaffin hotunan masu nasara, 'yata, ki bar waɗanda ke riƙe da kofi, ki dubi baƙin mutumin da ke riƙe da linzami yana kallon ƙafar doki maimakon kyamara. Shi ne.

Mutumin Makka ne da ba ya sa turare. Ya ce dawaki ba sa so. Ranar Juma'a kaɗai yake shafawa, ya dawo ya wanke kafin ya shiga barga. Inna ta ce ta auri miji mai ƙamshin dusa, ta haƙura. Idan aka ce masa jarida ta rubuta dokinsa ne zai ci, sai ya ce, "Doki ba ya karanta jarida." Idan ya ci tsere, a hanyar dawowa zai tsaya wurin masu tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya, ya sa a naɗe mai yawa, ya raba har bargar waɗanda ya kayar. Idan aka cinye shi kuwa, yakan wuce mai dokin da 'yan rakiyarsa, ya je ya gaisa da wanda ke riƙe da ragama, don a cewarsa shi ne ya tashi da asuba.

Na ga ranar da wani bidin dukushinsa ya ci a Riyad cikin sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, ya faro a gaba, ya ƙare a gaba, manyan bargogi suna bin sa a baya. Na kuma ga ranar da wani jan ingarma da ya raina tun yana tsotso ya karye a kwanar ƙarshe yana kan gaba. Kawu ya riga motar likita isa wurin, ya zauna a ƙasa ya ɗora kan dokin a cinyarsa har aka yi abin da za a yi. Washegari ya fito aiki. Bai ƙara ambaton sunan dokin ba, mu ma ba mu yi ba.

Abu ɗaya ya ƙi shi. A ƙarshen kakar zafi, lokacin da tsere ke komawa Ɗa'ifa saboda sanyin dutse, akwai kofin goɗiyoyi 'yan shekara uku haihuwar ƙasar nan. Goɗiya sau ɗaya take shiga a rayuwarta, in ta rasa ta rasa. Kawu ya zo na biyu, ya zo na uku, ya sake zuwa na biyu. Abin da ya fi ci masa rai, Bazazzagi ya taɓa ɗauka.

Bazazzagi abokinsa ne kuma abokin karawarsa, yana horar wa wata barga, gidansa a saman dutsen Nakkasa. Shi ma a nan aka haife shi. Bai taɓa ganin Zariya ba, kamar yadda Kawu bai taɓa ganin Kano ba, amma wasan Kanawa da Zazzagawa sun riƙe shi kamar jiya suka baro gida. Ko a ina suka haɗu sai an ji su.

"Bawana, yau ma jakin nan ka kawo?"

"Jakin nan ne zai watsa maka ƙasa a ido. Ka ci abinci kuwa, ko sai ubangidanka ya rage maka?"

"Kofina yana gaishe ka. Ya ce in kana so ka zo ka goge shi ran Alhamis."

Wata rana a gaban mutane, ana shan shayi bayan tsere, Bazazzagi ya ce, "In na riga ka, kai za ka wanke ni. Ba na son hannun wanda bai san ni ba." Kawu ya ce, "Na karɓa. Dama tun da nake ban ga ka yi wankan kirki ba, sai ranar." Aka yi dariya. Amma sun tafa, kuma kowa ya gani.

Goɗiyar ni na saye ta. A kasuwar gwanjo na gan ta tana 'yar shekara ɗaya, kowa yana gudunta saboda ta karya wa wani hannu lokacin da ake cusa ta a mota. Jininta mai kyau ne, farashinta ya faɗi, ni kuwa irin wannan nake nema. Muka haɗa hannu da maigidan bargar Kawu, aka rubuta ta da sunansa, ni da kasona. Kawu ya zagaya ta ya ce, "Ba mugunta ba ce, wuri matsattse take tsoro." Na ce to ai tsere a fili ake yi. Ya ce, "Dillali, kafin fili akwai ƙofa."

Ƙofar tashi yake nufi, akwatunan ƙarfen nan da ake jera dawaki a ciki, kowane a matse, sai an buɗe gaba su zabura tare. Dokin da ya ƙi shiga, ko ya shiga a firgice, ya gama faɗuwa tun ba a fara ba.

Bargar tana gefen Arfa, kan hanyar hawa dutse. Da aikin hajji ya zo aka rufe hanyoyi, goɗiyar ta kwana nan tana jin talbiyya, shekara ta zagayo ta sake. 'Yan barga suka ce wannan ai ta tsaya Arfa sau biyu, suka sa mata Hajiya. Sunanta na takarda wani dogon Larabci ne, babu mai kiranta da shi.

Kawu ya ɗauki watanni a kanta. Sai ya cire mayafin kansa ya rufe mata ido, ya ɗora tafinsa a wuyanta, ya riƙa yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuwa ta bi shi cikin ƙarfen kamar mai shiga ɗakinta. Ban taɓa jin abin da yake gaya mata ba. Masu kula da ƙofa a filin sun san halinta, sun yarda shi ya shigar da ita. Aka kai ta Ɗa'ifa ta ci, ta sake ci, ba ta ko yi gumin kirki ba. Mutane suka fara zuwa da asuba kallon atisayenta. Wani daga Riyad ya taya ta tayin da ban taɓa jin irinsa ba. Na ce a sayar, don ƙa'idata ita ce kaya ranar da kowa ke so ake rabuwa da shi. Kawu ya ce, "Bayan kofi ka sayar da ita, ka haɗa da ni a kai." Na dubi fuskarsa, na bar maganar.

Ranar kofin, muna Ɗa'ifa, rana ta ɗan ɗaga, aka kira wayar maigida. Bazazzagi ya cika bayan sallar asuba. Ya jima yana jinya, ya bar aiki. Kawu yana tsaye da buroshi a hannu. Ya ajiye shi a kan bokiti ya ce da ni, "Tayar da mota."

"Ina za mu?"

"Makka."

"Kawu, yau ne fa."

"Na san yau ne."

"Akwai masu wanka a masallaci, aikinsu ne, sun fi ka iyawa. Allah Ya jiƙansa, amma shi ya riga ya tafi. Ita wannan ba ta da wata shekarar. Kai ma ba lallai ka sake samun irinta ba."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Wasa kuka yi, a kan shayi."

Ya dube ni ya ce, "Kai a kasuwa in ka tafa da mutum, wasa ne?"

Maigida ya roƙe shi, ya ce zai aika da mota cike da abinci gidan makokin, zai je da kansa gobe. Kawu ya ce abinci ba ya wanke gawa. A ƙarshe muka yi lissafi: tseren sai dab da magariba, in aka sallace shi da azahar za mu dawo da sauran lokaci. Don kada a ce ba a yi tanadi ba, Kawu ya cire mayafinsa ya ba wani Basudane, babba a cikin 'yan bargar, ya ce in wani abu ya tsare mu ya rufe mata ido da shi. Dukanmu muka ji hankalinmu ya kwanta. Mun ɗauka sirrin a mayafin yake, tun da ƙamshin jikinsa na ciki. Na ba Kawu nawa mayafin ya ɗaura, muka gangaro.

Kawu da kansa ya wanke Bazazzagi. Na tsaya a waje. Da ya fito hannun rigarsa a jiƙe, idonsa ja, ya ce, "Ya rame, bawan Allah." Sai ga labari: babban ɗan mamacin yana hanya daga Madina, iyali sun ce a jira shi, sai la'asar.

Na ja Kawu gefe. Na ce alkawari wanka ne, an yi. In muka tashi yanzu za mu isa. Ya ce, "Ka taɓa ganin an wanke mutum an bar shi a hanya?" Na ce wasu za su kai shi. Ya ce, "Ga motarka, ga hanya." Na zauna. Ba don na yarda ba, don ba zan bar kawuna a titi ba.

Shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. Yana fitowa muka ruga mota da ƙasa a gwiwarsa. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, ban kuma ƙara ba. Muna tsakiyar hawa Basudanen ya kira. Na tsaya a gefen titi na buɗe muryar wayar.

"Ta ƙi, Baba! Na rufe mata ido, ta wurgar da mayafin! Ta miƙe tsaye! Sun haɗa hannu a bayanta suna turawa, ta jiƙe sharkaf." Muka ji ƙarar ƙarfe da ihun mutane. "Ta shiga. An buɗe. La ilaha illallah, ta zauna! Sun tafi sun bar ta!"

Kawu ya sunkuyar da kai. Na miƙa hannu zan kashe, sai muryar ta canza.

"Tana zuwa. Wallahi tana zuwa! Ta bi ta waje, ta wuce ɗaya, ta wuce biyu, ta shiga cikinsu! Kwana, Baba, kwana! Saura uku, saura biyu, yalla Hajiya, yalla!" Daga nan ba magana yake yi ba, kuka yake da ihu. Can sai ya ce, "Ta biyu."

Motoci suna wuce mu. Kawu ya karɓi wayar ya ce, "Ƙafafunta lafiya?" Aka ce lafiya. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kada a ba ta ruwa da yawa." Ya miƙo mini.

Wadda ta ci ranar yau babu mai tuna sunanta. Hajiya ake tunawa, goɗiyar da aka bari a ƙofa ta kusa kamo iska. Amma tunawa ba ta zama kofi, kuma mai tayin Riyad bai sake kira ba. A lissafin kasuwa ni ke da gaskiya, har gobe haka zan faɗa. Na daina zuwa gidansa. Sha'ir ma direba nake aikawa ya kai.

Inna ce ta kira ni ta ce, "Kai da kawunka wa zai fara girma?" Na ɗauki mota na tafi bargar da kaina.

Na same shi zaune a kan kifaffen bokiti, can nesa, hannuwansa a ƙarƙashin cinya kamar wanda ya ɗaure su. A tsakiyar fili mai yanke kofato ne ke jan Hajiya zuwa wata tsohuwar ƙofar gwaji, tana tirjewa, tana waiwayen Kawu tana haniniya. Shi kuwa ya kau da kai.

Na zauna kusa da shi. Ya ce, "Kai haushinka na tafi jana'iza. Wannan ko gobe aka sake zan tafi. Abin da ke hana ni barci daban ne. Ni na mai da ta haka. Tun tana ƙarama na ga ba ta yarda da kowa sai ni, maimakon in gyara, sai na ji daɗi. Ina so a riƙa cewa in ba shi ba babu mai iya ta. Sunana ba ya fita a lasifika, to a nan nake karɓar nawa." Sannan ya ce, "Dokin da sai mutum ɗaya ke shigar da shi, ba a gama horar da shi ba. Kana da ragowar bututun ƙarfe?"

Ina da su, na wani gini da aka rushe. Na kawo, aka haɗa masa ƙofa mai ɗakuna a bakin hanyar shan ruwa, yadda duk dokin da zai sha sai ya ratsa ta ciki. Daga ranar ya kafa doka: kowa sai ya ja doki ya shigar. Mai shara, mai dafa shayi, direban tankar ruwa, baƙon da ya zo gaisuwa. Ni ma ban tsira ba. Na zo da farar riga zan wuce ɗaurin aure, ya danƙa mini ragamar wani dukushi.

"Kawu, ni ciyawa nake sayarwa."

"Shi ya sa zai bi ka. Kada ka kalle shi, kalli gabanka. Ya walad, kai yaro, ba akuya kake ja ba, sassauta!"

Dukushin ya shiga, ya kuma goge hancinsa a kafaɗata. Haka na je ɗaurin auren.

Shi kansa bai ƙara shigar da doki ƙofa ba. Na sha ganin hannunsa yana ɗagawa ya mayar. Hajiya ta ɗauki lokaci, amma ta saba, ta ci tsere a Riyad da hannun wanda ba ta taɓa gani ba, daga baya aka ajiye ta haihuwa.

A shekarun ne aka zo rusau a Nakkasa, gidan Bazazzagi yana cikin waɗanda aka sa wa alama. Ƙaramin ɗansa, magidanci da 'ya'ya, yana tuƙa tasi. Kawu ya nemo masa ɗaki a Shisha, ya kuma ce ya zo barga. Mutumin ya ce ya manta aikin. Kawu ya ce, "Ubanka ma bai iya ba, amma ya ci kofi. Zo." Shi yana da takardun da Kawu bai samu ba, aka fitar masa da lasisi. Kawu ya zuba masa duk abin da ya sani, bai rage ko ɗaya ba, yana yi yana zaginsa da bawa ɗan bawa. Sun ci tsere da dama tare. Kofin nan kuwa ya ci gaba da ƙi. Sun kai goɗiyoyi, wata ta zo ta huɗu, wata ta yi tari a makon.

Sai ƙafa ta gaza masa, sai ƙirji. Zuwa bara ba ya sauka daga bene sai an riƙe shi. A bazarar da ta wuce suka kai jikar Hajiya Ɗa'ifa, ja ce mai farin goshi, mai zafin kai kamar kakarta. Kawu sau ɗaya ya gan ta, ta tagar mota. Duk horonta ɗan Bazazzagi ne ya yi, da waɗanda Kawu ya koya wa.

Ranar kofin na bar Ɗa'ifa na zo na zauna da shi, ko da yake ina da kaso a goɗiyar. Muka jingina shi da matasai gaban talabijin. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana cewa ita ba kallo take ba.

Aka nuna dawaki suna zagaye bayan ƙofa. Wata baƙa ta fara tirjiya, ta miƙe, ta tayar da hankalin na kusa da ita. Tamu ta tsaya cik, kunnuwanta a baya. Na ji numfashin Kawu ya canza. Wani ma'aikacin fili, wanda ko mu ba mu san shi ba, ya zo ya kama ragamarta, bai ko dube ta ba, ya juya ya yi gaba. Ta ɗan yi jim. Sai ta bi shi, ta shiga, aka rufe bayanta.

Kawu ya saki numfashi ya koma kan matashi. "Ta shiga," ya ce. "Halas, shi ke nan. Kashe abin nan."

"In kashe? Kawu, ba a fara ba!"

"Na ga abin da nake so in gani."

"To ni ban gani ba. Ina da kaso."

Inna ta ce, "Wallahi ka taɓa shi sai na saɓa maka." Ashe kallo take.

Ta fita tare da su. Ta zauna a tsakiya har kwana, mahayin ya fitar da ita waje, ta fara cin su ɗaya-ɗaya. Ni dai na san na miƙe tsaye, na san na buge kofin shayi, na san Inna tana ta salati da ƙarfi. Ta ci da tsawon jikinta guda. Lasifika ta kira sunan ɗan Bazazzagi, aka nuna shi yana rufe fuska da mayafi.

Na juyo. Idon Kawu a buɗe, hawaye yana bin gefen kunnensa.

Na ce, "Kawu, ka ci."

Ya ce, "Bazazzagi ya sake ɗauka, ɗan banza." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Kira shi. Ka ce a zagaya da ita ta huce kafin hoto. Sannan ka sauka ka sayo tsire, mai yawa, a kai wa na biyu nasu."

Bai kai ƙarshen sanyi ba.

Allah Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ya cika wa mamaci alkawari ranar da cikawar ta fi tsada, Ka cika masa naKa. Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka ba Inna haƙurin zama babu shi. Idan an zo ƙofar da kowa ke fata, Ka sa ya shiga cikin natsuwa. Amin.